Magarya, malberi, rumman ko bluberi: wane ƙaramin itace ne zai yi 'ya'ya a gidanka?

Abu uku ne ke yanke hukunci a kan ƙaramin itacen da zai yi 'ya'ya a tsakar gida ko a bayan ɗaki: zafin bazarar garin, yawan ruwan da za a iya ba shi daga Nuwamba zuwa Mayu, da irin ƙasar da ke cikin gidan. Daɗin 'ya'yan da kyansu a hoto sai an gama da waɗannan ukun tukuna. Dashe da yawa da ke mutuwa a gidaje ba rashin kula ne ke kashe su ba, tun wurin zaɓe aka ɓata.

Itatuwan da ake magana a nan su ne waɗanda ba sa wuce mita biyu zuwa huɗu, ko waɗanda almakashi ke iya tsayar da su a wannan tsayin, masu 'ya'yan da ake tsinka a ci nan take. Wasu na ƙasashen sanyi ne, wasu daga Indiya ko Kudancin Amurka suka fito, wasu kuwa namu ne na daji da ba a cika tunanin kawo su gida ba.

Bluberi, rasberi da danginsu

A fara da su, domin su ne aka fi sha'awa kuma su ne suka fi cin kuɗi a banza. Waɗannan itatuwan ƙasashen sanyi, masu ƙananan 'ya'ya da ake kira beri, suna kwanciya barci a lokacin sanyi, kuma idanun rassansu ba sa buɗewa sosai sai sun tara wasu sa'o'i a ƙasa da digiri 7 na Salshiyas. Bluberi irin na arewacin Amurka na neman sa'a 800 zuwa 1,000, yawancin rasberi ma haka. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, ko a tsakiyar hunturu da wuya sanyin asuba ya sauka zuwa wannan matakin, balle ya daɗe. Itacen zai yi ganye jefi-jefi, ya ƙi fure, bazara ta zo da digiri 40 ta ƙone shi.

Akwai nau'o'in bluberi da aka samar don wurare marasa sanyi sosai, irin su Biloxi, Misty da Sharpblue. Da irin waɗannan ƙasar Peru ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da bluberi, alhali gaɓar tekun da ake noma shi ba ta san ƙanƙara ba. Sai dai wannan gaɓar ba ta san zafin bazara irin namu ba, kuma manoman can suna gyara ruwan da suke ba shi kafin ya taɓa saiwa. Nan matsala ta biyu take. Bluberi na son ƙasa mai tsami ƙwarai, daga 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, inda tsami ke raguwa idan lambar ta hau. Ƙasar cikin gida kuwa ta sha toka, ta sha ɓurɓushin siminti da ruwan wanki, duk masu kashe tsami. Idan ma'aunin ya haura 6, saiwar ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai kore. Mai shi ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, takin ya ƙone siraran saiwoyin da dama a sama-sama suke.

Wanda ke tsaunin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ko tsaunin Mambila da ya fi shi, zai iya gwada nau'in da ba ya neman sanyi da yawa, amma a cikin tukunya mai cin lita 30 zuwa 40, ba a ƙasa ba. A cika ta da ɓuntun kwakwa da aka wanke sosai haɗe da ruɓaɓɓen ɓawon itace, a ba shi ruwan sama da aka tara, taki kuma amoniyam salfet kaɗan-kaɗan. Kada toka ko kashin kaji su kusance shi. Shuka ƙwayar bluberin kanti ɓata lokaci ne, domin abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. A cikin dangin nan blakberi ne ya fi jure ɗumi: nau'in Tupy da aka samar a Brazil shi ya daɗe yana riƙe da gonakin tsaunukan Meziko. Shi ma na Jos ne da Mambila, ba na Kano ba.

Magarya mai aure

Ga gidan da ke daga Zariya zuwa arewa, musamman inda ruwa ke wahala, babu wanda ya kama ƙafar wannan. Magarya ce dai da kowa ya sani, sai dai an aura mata reshen nau'o'in da manoman Indiya suka daɗe suna zaɓa. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta taka rawa sosai wajen yaɗa su a yankin Sahel, kuma a Nijar da sunan tuffar Sahel aka san su. Ƙwaya ɗaya ta ninka ta daji sau goma ko fiye, tana da ruwa, tana da garas-garas a baki, kuma bitamin C ɗinta ya kai na lemu ko ya wuce.

Nau'o'in sun bambanta, kuma bambancin yana da amfani. Gola zagayayya ce, ita ke fara nuna, kuma ita ta fi haƙuri da ƙarancin ruwa, don haka ita ce ta farko ga mai gida. Umran ta fi girma, doguwa ce kaɗan, tana makara wajen nuna amma ta fi daɗewa bayan an tsinke. Seb da Kaithli suna tsakani. Mai wurin biyu ya haɗa Gola da Umran: lokacin cin zai yi tsawo, kuma furen wannan na taimakon na waccan, domin wasu nau'o'in ba sa riƙe 'ya'ya sosai idan su kaɗai ne. Idan akwai magaryar daji kusa, ƙudan zuma da ƙudaje za su yi wannan aikin.

Hanya mafi sauri ita ce idan dama akwai magaryar daji a gidan. A sare ta a bazara, a bar kututture kamar santimita 40 daga ƙasa. Za ta fitar da toho da yawa. A zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi, a cire sauran. Idan sun kai kaurin fensir, a datse kan kowanne, a tsaga shi kamar santimita 3, a feƙe gindin reshen Gola mai ido biyu ko uku ta gefe biyu, a cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo aƙalla ta gefe ɗaya, a ɗaure tam da zaren leda, a kifa wata ledar a kai don kada ya bushe. Cikin mako biyu zuwa uku idanun za su motsa idan auren ya kama. Tunda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, sau da yawa a shekarar ake cin 'ya'yan farko.

Idan daga ƙwallo za a fara, a fasa shi a hankali a ciro ƙwayar ciki. Ƙwallon da ba a fasa ba yana iya yin wata guda ko fiye bai tsiro ba, ƙwayar kuwa mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe ta. A yi amfani da doguwar leda, domin magarya saiwar tsakiya take fara turawa ƙasa, kuma idan ta naɗe a gindin leda ko ta karye wurin dasawa, itacen ya daɗe bai farfaɗo ba. A bar mita 5 tsakanin biyu, a kuma nisanta ta da hanyar da yara ke bi saboda ƙaya.

Abu huɗu ke ɓata magarya mai aure. Na farko, tohon da ke fitowa a ƙasan wurin auren. Na daji ne, ya fi ƙarfi, kuma idan aka bar shi wata biyu zai shanye abincin ya kashe reshen da aka aura. Ana gane shi da ƙananan ganye da yawan ƙaya. A duba gindin duk mako, a fizge shi tun yana ɗanye.

Na biyu, rashin aski. Magarya a kan sabon reshen bana take fure, ba a kan tsoho ba. Wanda ya ji tausayin yanke ta zai samu dogon itace mai ƙaya da 'ya'ya ƙanana a can sama. A watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ta zubar da ganye ta huta, a rage rassan bara sosai, a bar manyan rassa uku zuwa biyar da guntayen rassa masu 'yan idanu a kansu. Ruwan farko na sauka za ta yi toho mai ƙarfi, ta yi fure wajen ƙarshen damina, 'ya'ya su nuna a cikin ɗari.

Na uku, ƙishirwa a lokacin da bai dace ba. Itacen da kansa zai rayu da ruwan sama milimita 300 zuwa 500 a shekara, amma 'ya'yan suna girma ne bayan damina ta ɗauke. Daga Oktoba har a gama tsinka a ba babban itace bokiti biyu zuwa uku a mako. In ba haka ba, ƙananan 'ya'yan za su zube, waɗanda suka rage su tsumbure. Bayan an gama tsinka a janye ruwan, a bar ta ta huta.

Na huɗu shi ne tsutsa, kuma shi ya fi sa mutane fushi da itacen. Wani ƙaramin ƙuda ne ke huda ɓawon ya saka ƙwai, tsutsar ta ci ciki, ƙwayar ta faɗi, tsutsar ta shige ƙasa ta rikiɗe ta fito ƙuda. Wurin karya wannan zagayen shi ne ƙasa. A tsince duk abin da ya faɗo kullum, a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana kwana uku, ko a binne a rami mai zurfin rabin mita. A kafce ƙarƙashin itacen sama-sama bayan an gama tsinka, a saki kaji su tona. A kuma riƙa tsinka da wuri, lokacin da kore ya fara juyawa rawaya. A nan ne ta fi daɗi, ba sai ta yi ja ta yi laushi kamar ta daji ba.

Malberi

Gidan da ruwa bai yanke masa ba, ko da na alwala ne da ɗaurayar kwanuka, malberi ne zai fi saurin faranta masa rai. Shi ne kuma ya fi kusa da blakberi a kama da ɗanɗano, don haka mai kwaɗayin beri na ƙasashen sanyi nan ya kamata ya tsaya.

Ba a wahalar da kai da iri. A yanko reshe mai kaurin fensir wanda ɓawonsa ya fara yin ruwan ƙasa, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai ido uku ko huɗu. A cire ganyen, a soke kashi biyu cikin uku a ƙasa mai yashi a inuwa, idanun na kallon sama. Cikin mako uku zuwa huɗu zai yi saiwa. Ganyen da ya fito a makon farko ba shaida ba ce, da abincin cikin sandar ya fito, kada a tumɓuke don dubawa. A soka biyar don a samu biyu ko uku, domin gara na son waɗannan sanduna. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: daga itacen da aka ga 'ya'yansa da ido, aka kuma ɗanɗana, za a yanko. A cikin malberi akwai namiji da ba ya yin komai sai fure, akwai kuma nau'o'in da don ganye aka zaɓe su, na ciyar da tsutsar siliki, 'ya'yansu ƙanana ne marasa daɗi.

Yawancin malberin da ke yi a ƙasashe masu zafi dangin farin malberi ne na Asiya, ko da 'ya'yansa baƙaƙe ne idan sun nuna. Baƙin malberi na ainihi, wanda aka sani a Iran da Turkiyya, ya fi ɗanɗano amma yana son sanyi, yana da jinkirin girma, sandarsa kuma ba ta kamawa da sauƙi. Akwai kuma dogon nan da ake dangantawa da Pakistan, mai 'ya'ya kamar yatsa, mai zaƙi sosai. Yana jure zafi, sai dai shi ma sandarsa na da taurin kai, aure ya fi yi masa.

Idan aka ƙyale malberi zai zama bishiya mai tsayin mita goma. Almakashi ne ke mayar da shi ƙaramin itace, kuma almakashin ne ke kawo 'ya'ya, domin tare da sabon toho furen ke fitowa. A rage rassan zuwa tsayin ƙirji, a zage ganyen da ya rage, a zuba taki, a ba shi ruwa sosai. Cikin mako shida zuwa takwas za a fara tsinka. Ana iya yin haka sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da kuma wajen Fabrairu idan akwai ruwa. Fiye da haka yana gajiyar da itacen. Ganyen da aka zage ba shara ba ne: awaki, tumaki da zomaye na cinsa, kuma furotin ɗinsa ya kai kashi 15 zuwa sama da 20 cikin ɗari idan aka auna busasshe.

Illarsa biyu. Saiwarsa na bin danshi duk inda yake, saboda haka a ba shi mita 4 zuwa 5 daga katanga, bakin rijiya da ramin masai. Sannan ruwan 'ya'yansa na rina tufa da daɓe, kashin tsuntsayen da suka ci ma haka, kada a dasa shi kusa da igiyar shanya. 'Ya'yan ba sa kwana biyu a waje ba su lalace ba. A shimfiɗa tsohon zane a girgiza reshe da safe, waɗanda suka nuna za su zubo. Jajayen da ba su gama nuna ba suna ɓata ciki, a gaya wa yara.

Rumman

Shi ne na tsakiya: ya fi magarya son ruwa, ya fi malberi haƙuri, kuma yana jure ƙasa mai kanwa-kanwa da ruwan rijiya mai ɗan gishiri. Yana son rana tun safe har yamma da busasshiyar iska lokacin da 'ya'yan ke nuna, abin da arewa ke da shi a wadace.

Wurin saye ake fara faɗawa tarko. Akwai rumman na ado mai fure cunkus wanda ba ya 'ya'ya, akwai kuma gajere mai 'ya'ya ƙanana masu tsami. Na iri ma ba shi da tabbas, yana iya fitowa da ƙwaya mai tauri. A nemi wanda aka samo daga sandar itace sananne. Bhagwa da Ganesh na Indiya suna da ƙwaya mai laushi kuma sun saba da zafi irin namu. Wonderful na Kalifoniya ya fi girma da ja, amma ƙwayarsa ta fi tauri, ya fi tsami, kuma ya fi jin daɗin wuri mai ɗan sanyi. Sanda mai tsawon santimita 20 zuwa 25 tana kamawa kamar ta malberi. A shekara ta biyu ko ta uku ake fara ci.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarar farko a zaɓi rassa uku ko huɗu daga gindi su zama jikin itacen, duk wani toho da ya biyo baya a cire. Rumman da aka bari ya cunkushe ganye zai yi ta yi. Kada kuma a yi masa aski irin na magarya, domin shi a kan guntayen rassan da suka kwana biyu yake yawan fure. Zubar fure ba koyaushe ne matsala ba: furen iri biyu ne, mai siririn gindi namiji ne kuma dole ya faɗi, mai kumburarren gindi shi ke zama ɗa.

Daga fure zuwa nuna wata biyar ne zuwa bakwai. 'Ya'yan da suka girma a tsakiyar damina suna yin tabo su ruɓe, don haka furen Satumba da Oktoba ne abin riƙewa, na sauran lokuta a rage shi. Babbar matsalarsa fashewa ce. Idan ƙasa ta bushe ɓawon ya yi tauri, sai aka kwarara ruwa, ƙwayoyin ciki su kumbura ɓawon ya kasa biyo su. Maganin shi ne ruwa daidai a ranaku sanannu, bokiti ɗaya duk kwana uku ya fi bokiti biyar rana ɗaya, tare da rufe gindin da ciyawa. Idan ɗan ya kai girman ƙwan kaza a sa shi a jakar takarda a ɗaure bakin: tana hana tsutsar da ke huda shi, tana kare shi daga ƙunar rana. Rumman ba ya ƙara nuna bayan an tsinke. A jira sai gefunansa sun ɗan baje, ya yi nauyi a hannu, sannan a yanke da almakashi.

Baƙi uku daga Kudancin Amurka

Aserola ƙaramin itace ne mai jajayen 'ya'ya masu tsami-tsami, kuma bitamin C ɗin da ke giram 100 nasu ya haura miligiram 1,000, alhali na lemu bai wuce 50 da 'yan kai ba. Yana son zafi, kuma daga fure zuwa nuna mako uku ne zuwa huɗu, sau da yawa a shekara muddin yana samun ruwa. Amma saiwarsa a sama take, iskar farkon damina na iya kwantar da shi idan ba a kafa masa turke ba, kuma a jigawa ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwa ƙulli-ƙulli suna nakasa shi. Inda tumatir ko kuɓewa suka taɓa yin wannan cutar, kada a sa shi. Irinsa ba ya tsirowa da kyau, a nemi na sanda. Ya fi dacewa da Kaduna, Abuja, Minna, Kumasi da makamantansu.

Pitanga ya fi shi kyau a shinge, ya kuma fi shi jinkiri: na iri yana ɗaukar shekara uku ko fiye, kuma irin sabo ake shukawa, idan ya bushe ya mutu. 'Ya'yansa masu tsaga-tsaga suna da warin ƙaro idan ba su gama nuna ba. Sai wanda ya faɗo hannu da ɗan taɓawa ake ci, kuma nau'in da ke yin baƙi ya fi ja zaƙi.

Fisalis ɗan uwan matsarmama ne, mai ƙwaya ruwan ɗorawa a cikin 'yar riga kamar takarda. Ɗan tsaunukan Andis ne, idan zafi ya wuce digiri 30 furensa zubewa yake yi. A Jos zai shekara biyu ko uku yana bayarwa. A Kano ko Zinder a ɗauke shi kamar tumatirin rani: a yi reno a Satumba, a dasa a Oktoba da tazarar mita ɗaya, a ɗaure a sanda, a ci daga Janairu har zafi ya kashe shi. Takin yuriya da yawa ganye kawai yake sa shi. Ɗanyensa kore yana da guba, sai rigar ta bushe ta yi ruwan ƙasa.

Na dajinmu

Cizaki ya cancanci a dawo da shi gida a matsayin shinge: ƙayarsa na tsare akuya, furensa na ƙamshi, 'ya'yansa idan sun yi baƙi suna da daɗi. Sabon iri ake shukawa, a bar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakani. Tsada ta fi wuyar sha'ani, domin saiwarta kan manne wa saiwar wasu tsirrai ta sha daga jikinsu, don haka can gefe za a sa ta, nesa da rumman da malberi. Naman ake tsotsa, ƙwayar cikin ƙwallon ba ta ciyuwa da yawa saboda tana da guba.

Dasawa da shekarar farko

Girman ramin ɗaya ne ga kowannensu: rabin mita faɗi, rabin mita zurfi. Kafin a sa komai a cika shi da ruwa. Idan washegari ruwan na nan, ƙasar ba ta tsanewa, sai a yi tudu mai tsayin santimita 30 a dasa a kai, musamman ga rumman da aserola. A gauraya ƙasar sama da bokitin fenti ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe har ya daina wari da zafi. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke ledar da reza, kada a ja dashen, a dasa shi daidai zurfin da yake a ledar, wurin aure kuma ya tsaya aƙalla taƙi ɗaya a saman ƙasa. Lokacin da ya fi shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma.

Takin zamani sai bayan wata guda, idan sabon ganye ya nuna dashen ya kama: cokali uku na NPK 15-15-15, a zagaya da shi santimita 30 daga gindi, a rufe da ƙasa. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen saboda gara da ruɓa. Garin ƙwallon darbejiya da aka daka, cikin hannu biyu a kowane rami, yana rage gara da tsutsar saiwa.

Rani na farko ne ke raba mai rai da matacce. Kowane dashe, har magarya, yana son lita 20 sau biyu a mako, a bazara sau uku. Inda ruwa ke tsada a binne tulun da ba a shafe ba har wuya, taƙi ɗaya daga dashen, a riƙa cika shi a rufe bakin: ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye wurin saiwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye duk sun yi. Na omo da bilic kuwa gishirinsa taruwa yake yi a ƙasa, bakin ganye ya fara ƙonewa.

A kewaye kowane dashe da waya ko ƙaya mai tsayin mita ɗaya da rabi tun ranar da aka dasa, domin akuya ɗaya na gamawa da malberi ɗan wata shida kafin a fito daga ɗaki. Furen da rumman ko aserola suka yi a watannin farko a tsinke shi, ƙarfin ya tafi saiwa. Idan 'ya'ya sun fara nuna tsuntsaye da jemagu suka gano wurin, tsohon gidan sauro da aka lulluɓa aka ɗaure a gindi ya wadatar, amma sai bayan fure ya gama, don kada a tsare ƙudan zuma a waje.